Ganyen da ke Ƙarƙashin Sunana

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Yau aka biya mu albashin farko a kamfanin busar da mangwaro. Kwana takwas ina tsaye ina yanka, a kan peso ɗari huɗu da tamanin kullum, yatsuna sun yi rawaya har sabulu ya gaji da su. Na buɗe ambulan a bakin ƙofa na ƙirga sau uku. Babu ɗari uku da tamanin da huɗu.

Na koma tagar Madam Perlita mai biyan albashi. Ko kai ba ta ɗago ba.

"Haraji ne, 'yata. Kashi goma cikin ɗari."

"Madam, ni fa ɗaliba ce. Aikin hutu na zo yi, mako takwas kacal."

"Ko 'yar gwamna ce ke. Kina da lambar haraji? Ba ki da ita. To ƙetara birni ki yanko lamba, ki cike takardar rantsuwa cewa ba ki da wata hanyar samu sai wannan, ki kawo min. Daga ranar ba mai taɓa miki ko sisi, wanda aka cire ma a mayar miki. Na gaba!"

A kan babur na yi lissafin. Rajistar shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon jinya dubu goma sha takwas da ɗari biyar ce, ranar tara ga Yuni za a rufe. In ba a taɓa albashina ba zan kai, har in yi rara. In aka ci gaba da wannan yankan, bayan na cire kuɗin babur, zan gaza da ɗari takwas da sittin. Shekara ashirin gwamnati ba ta san ina duniya ba, sai da na fara yanka mangwaro ta gane ni. Raina a ɓace yake, ba zan bar musu ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, da asuba

Nanay, mahaifiyata, ta gama ɗinka min fararen kayan asibiti, riga biyu. Jiya da yamma ta zauna a kan keken ɗinkinta tana saƙa sunana a aljihu da shuɗin zare. Ta ja layin nan nata a ƙarƙashin sunan, ta lanƙwasa ƙarshensa ya zama ɗan ganye. Duk ɗan makarantar garin nan da ganyen Nanay yake yawo a ƙirji. Ko takardar kuɗin lantarki ta sa wa hannu sai ta yi shi, hannun ya saba.

Na gaya mata zan je ofishin haraji bayan bikin Ista. Keken ya tsaya. Ta kira ni da sunan da ake kirana a gida.

"Nawa ne abin, Inday? Ki bar musu mana."

"In bar musu? Da guminki aka yi ko da nawa?"

"A'a, na ga dai za ki rasa kuɗin yini guda, ga kuɗin jirgin ruwa."

Matar da ke yin rabin awa tana ciniki a kan peso biyar na busasshen kifi, yau ita ce mai cewa a bar wa gwamnati. Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

Juma'a Mai Kyau, ba aiki, ba albashi. Yayana Wilmar, da nake kira Manong, wato yaya, ya zo da matarsa Daisy, cikinta wata bakwai. Azumi ake, amma ya cinye shinkafar da na ajiye don gobe. Shekararsa talatin da ɗaya, ya yi sana'a shida, ba wadda ta ga shekara. Yanzu kuma takardun aikin jirgin ruwa yake jira. Tun da mahaifinmu Tatay ya rasu Nanay ke cewa shi ne uban gidan. Uban gida da ke aron kuɗin babur a hannun ƙanwarsa.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na shiga jirgin farko na ƙetara birni. Awa uku a layi. Wanda ya karɓe ni wani dattijo ne mai furfura, Mista Gabayeron, da tabarau ɗaure da zare. Ya buga sunana da ranar haihuwata a na'ura, sai ya leƙo ni ta saman tabarau.

"Malama Rizalyn, wasa kike? Ai kina da lamba."

Na ce ba ni da ita.

"Ga ta nan, shekara biyu ke nan. Kina da shago ma. Abincin kaji da na zakarun faɗa. Kai, ashe da attajira nake magana." Ya ga fuskata, sai ya daina murmushi. "Tun da aka buɗe ba a taɓa kawo mana bayanin ciniki ba, ko sau ɗaya. Kowane wa'adi da aka tsallake tara ce."

Na san shagon. Na Manong ne, kusa da filin faɗan zakaru, allonsa ba suna, hoton jan zakara kawai. Wata takwas ya yi ya mutu. Har shara na taya shi ranar da ya kwashe kayan.

Na ce, "Yallaɓai, ai an rufe shagon nan tuntuni."

"Ƙofa kuka rufe. Haka mutanenmu suke yi, su sa kwado su tafi gida su ce an gama. A wurinmu shago yana nan da ransa har sai mai shi ya zo ya rufe fayil."

Na ce to a ba ni wata lambar, ni ta aikin hutu nake so. Ya ce mutum ɗaya lamba ɗaya har ya mutu, mai biyu kotu zai je. In dawo bayan mako biyu, za su ɗauko fayil ɗin daga ma'aji mu ga wa ya sa hannu.

A jirgi na yi amai. Shekara uku ina ƙetara ruwan nan ban taɓa yi ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, da safe

Ɗari takwas da sittin. Saboda ɗari takwas da sittin na je.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Na sami Manong a gidan surukansa yana wanke wa zakara ƙafa.

"Haba Inday, wannan ne ya sa kika zo kina huci kamar tukunyar shinkafa? Suna na ara, ba ƙoda ba."

"Me ya sami naka?"

"Nawa ya ɓaci a wurinsu tun shagon taya, kin sani. Ke kuwa kin cika sha takwas, sunanki fes, yana zaune ba ya komai."

"Wa ya sa hannu?"

Ya juya zakaran yana duba ɗaya ƙafar. "Ke mana. Ranar bikin cikarki sha takwas. Kin sa hannu a takardu da yawa ranar, kin manta ne."

"Katin godiya na sa wa hannu, Manong. Guda arba'in. Ni na saye su."

"To ni dai ban sani ba. Ki kwantar da hankalinki, albashina na farko a jirgi naki ne, da dala ma."

Da dala ma. Ya riga ya yi wa Daisy alkawarin wannan albashin, da surukinsa, da mai shagon bakin hanya. Albashin da ba a haifa ba ya fi kowa magada a tsibirin nan.

Na tuna bikin. Shi ya fara rawa da ni a madadin Tatay, ya miƙo min jan fure na farko cikin sha takwas, har na yi kuka. Mako guda bayan nan aka buɗe shagon.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Albashi na biyu, an sake yanka. Na ce wa Madam Perlita ai yanzu ina da lamba. Ta ce lamba ita kaɗai ba ta isa ba, ta yaya mai shago za ta rantse ba ta da wata hanyar samu?

Jovy, wadda muke tebur ɗaya, ta ji. Yanzu duk layin yankan sun sani.

"A ba Madam mai shago hanya! Madam, nawa buhun abincin zakara yau? A yi mana ragi mana, mu talakawa ne."

Na yi dariya tare da su, me zan yi. Wuƙa ta shige min babban yatsa.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan coci

Ban gaya wa Nanay komai ba. Ita ma ba ta tambayi yadda na ƙare da ofishin ba. Kwana goma sha biyu ke nan. Matar da ke tambayata ko na sha ruwa.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe uku, a bakin tashar jirgi

Na ga fayil ɗin.

Mista Gabayeron ya buɗe shafi na biyu ya juyo min shi. Sunana ne, an rubuta shi da kyau, ya fi wanda nake yi kyau. Manong ko a takardar aurensa rubutunsa kamar kaza ta bi ta kai. Wannan hannu ne mai natsuwa, wanda ya saba rubuta sunayen mutane. An ja layi a ƙasa. Ni ba na jan layi.

Ba zan rubuta yadda layin ya ƙare ba.

Ya ce hanya biyu ce. Ko in amsa cewa shagona ne, in biya tara a rufe fayil. Ya haɗa ya rage iya abin da doka ta ba shi dama, ya tsaya a dubu goma sha shida. Ko kuma in je gaban lauya in rantse cewa ba hannuna ba ne. In na yi haka ba sisina a ciki, harajin da aka yanka ma zai dawo, amma fayil zai tafi sashen shari'a, su nemo wanda ya sa hannun da wanda ya ci moriyar shagon.

"In ban yi ko ɗaya ba fa?"

"Sai ya tafi sashen shari'a da sunanki. Ke da za ki nemi lasisin jinya, ba na miki fatan haka. Kwana talatin na ba ki."

Ya tambaye ni ko na gane hannun. Na ce jirgi zai tafi ya bar ni.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Na tarar Nanay ta dafa shinkafa mai danƙo a ganyen kwakwa, ta yanka nunannen mangwaro a gefe. Abin da ake yi min ranar haihuwata. Yau ba ranar haihuwata ba ce.

Na ce na ƙoshi da mangwaro.

Alhamis, 8 ga Mayu, da asuba

Da na bar musu.

Talata, 13 ga Mayu, hutun cin abinci

Jovy ta daina tsokana tun da ta ga ina zuba yankakke a kwandon ɓawo. Muna cin shinkafa da busasshen kifi a bayan rumfa na gaya mata rabin maganar.

"Ke, tsaya. Ɗan'uwanki ya sace miki suna, kuma kina tunani? Tunanin me? Je ki rantse! Ya sha abin da ya dama."

"Matarsa na da ciki."

"Ke kika yi mata? Ni da Manong ɗina ne, da kaina zan raka 'yan sanda, in biya musu kuɗin babur ma."

"Ba shi kaɗai ba ne, Jovy."

"To da wa?"

Na ce kifin nan gishiri ya yi masa yawa. Sai ta tura min dafaffen ƙwan da ta zo da shi.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe shida

An yanka. Kashi goma. Har na daina ƙirgawa a bakin ƙofa.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Muna zaune a baranda da Nanay, tana ɗinkin hannu, ina tsince shinkafa. Kai a ƙasa ta fara.

"An kira Wilmar. Kamfanin jirgin sun ɗauke shi. Saura takardar 'yan sanda da za ta nuna ba shi da wata shari'a."

Na ci gaba da tsince shinkafa.

"Wannan ce damarsa ta ƙarshe, Inday. Ga yaro na zuwa."

"Tawa damar ta nawa ce, Nanay?"

"Makaranta ba ta gudu. Baɗi tana nan. Ke Allah ya ba ki kai, ko ina aka jefa ki za ki miƙe. Shi kuwa kin san shi."

Ashe laifina ke nan, ina da kai. Da na san haka ake biyan masu kai, da na faɗi jarrabawa tun aji uku na huta.

Na ce, "Nanay, kin san abin da ake yi wa wanda ya sa hannun wani a takardar gwamnati?"

Tana ƙoƙarin zura zare a allura. Ta kuskure sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

"Na sani," ta ce. Sai ta miƙo min. "Idona ya fara tafiya. Zura min."

Na zura mata. Ina jin haushinta har cikin haƙorana, kuma na zura mata.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Ba ta ce yi haƙuri ba. Jira nake. Kalma biyu ce.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na biya ofishin lauyan da ke saman kantin magani na karɓo takardar rantsuwar. Na cike komai a tsaye. Ni Rizalyn Dumalagan, shekara ashirin, ɗaliba, ina rantsuwa ban taɓa buɗe shago ba. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Akwai wuri a ƙasa da aka ce a rubuta sunan wanda ake zargi, in an san shi. Magatakardar ta ce ba dole ba ne, masu bincike za su gano da kansu, yini guda ya ishe su. Na san ya ishe su. Su tare kowane ɗan firamare a hanya su dubi aljihunsa.

In na miƙa ta, ranar tara ga Yuni ina layin rajista. Na sake lissafawa, in aka mayar min da harajin da aka yanka, kuɗin sun kai har da rarar ɗari biyu.

Tana cikin jakata.

Talata, 27 ga Mayu, hutun rana

Tana cikin jakata. Ruwan mangwaro ya taɓa gefenta.

Alhamis, 29 ga Mayu, da asuba

'Yan ajinmu sun fara turo hotunan fararen kayansu a waya. Na kashe ta.

Asabar, 31 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Albashin ƙarshe. Duka abin da ke cikin gwangwanin biskit da nake tara kuɗi yanzu dubu goma sha shida da ɗari shida ne.

Madam Perlita ta riƙe ambulan ɗin ba ta saki ba. Yau ta ɗago kai.

"Hannunki na da sauri, 'yata. Mangwaro ya kusa ƙarewa, amma abarba na shigowa. In makarantar ba ta yiwu ba, akwai gurbi. Ba korar ki nake daga karatu ba, faɗa dai nake."

Na gode mata. Na tsani yadda kowa ya riga ni sanin abin da zan yi.

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana, cikin jirgi

Takardar rantsuwar na jakata, kuɗin ma na jakata. Har na zauna gaban Mista Gabayeron ban san wanne hannuna zai ɗauko ba.

Ya buɗe shafi na biyu. "To, Malama Rizalyn. Wannan sa hannunki ne?"

"Nawa ne."

Ya ba ni takardar rufe fayil na sa hannu. Ya ajiye ta gefen tsohuwar, ya dubi wannan, ya dubi waccan. Makaho ma zai ga ba ɗaya ba ne. Ya cire tabarau ya goge.

"'Yata, shekara ashirin da shida ina kan teburin nan. Na ga 'ya'ya da yawa sun zauna inda kike. Zan sake tambayarki sau ɗaya, daga nan hatimi zan buga."

"Na ce nawa ne, yallaɓai."

Ya buga. Na je taga ta huɗu na ƙirga musu dubu goma sha shida, wasu takardun har yanzu suna ƙanshin mangwaro. Yarinyar da ke tagar ta ba ni rasit ta ce a sauka lafiya. Shi kuma ya ce yanzu lambata ta yi tsabta, harajin da aka yanka min za a iya nema, wataƙila ya fito cikin wata shida.

Takardar rantsuwar na yayyaga ta na zuba a kwandon sharar tasha. Ban ji sanyi a raina ba. Ban ji na yi abin kirki ba. Ji nake kamar an yi min fashi kuma ni na riƙe musu fitila.

Laraba, 4 ga Yuni, da safe

Na ajiye rasit ɗin a kan keken Nanay. Ta karanta, ta ninke shi huɗu, ta sa a ƙarƙashin gunkin Maryamu. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Ba wannan nake jira ba.

Asabar, 7 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Manong ya tafi Manila, babban birnin ƙasa, zai kama aikin jirgin. An raka shi tasha kamar wanda ya ci zaɓe. Ya rungume ni ya ce, "Da dala, Inday, ki rubuta ki ajiye."

Na rubuta. Ga shi nan.

A hanyar dawowa na lura kunnen Nanay ba komai. 'Yan kunnen zinariyar da Tatay ya ba ta ranar aurensu, waɗanda ta ce da su za a binne ta. Daisy ce ta gaya min, dubu goma sha huɗu aka saya, kuɗin jirgin sama da na masaukin Manong.

Ashe akwai 'yan kunne.

Litinin, 9 ga Yuni, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ƙarfe biyar aka rufe rajista. Ina baranda ina kallon agogon waya har ya cika.

Nanay ta fito da fararen kayan a hannu, ta goge su, ta sayo kafur. Ta ce za ta ajiye min a akwati kada su yi rawaya kafin baɗi. Na ce ta ba ni tukuna. Na ɗauko ƙaramin almakashinta na zauna a gabanta. Sunan ban taɓa shi ba, nawa ne, dubu goma sha shida na saye shi. Layin na bi na tsinke, zare bayan zare, har ganyen. Na gama riga ɗaya na ɗauki ta biyu. Tana tsaye tana kallo, ba ta hana ni ba. Da na gama ta durƙusa ta tsince shuɗin zaren daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta dunƙule a hannu ta shige ɗaki.

Na ɗaga rigar a hasken yamma. Zaren ya fita, amma hudojin allurar suna nan, duk wanda ya duba zai ga ganye.

Gobe ƙarfe shida zan fara abarba. Madam Perlita ta ce tunda lambata ta yi tsabta, ba za a cire min ko sisi ba.